Babu Jirgin da Ba Ya Yoyo

A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙasar Fune ta Jihar Yobe ta yau, sai ya ci karo da itace a can ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Ba a taɓa samun jirgin da ya girme shi a Afirka ba. Gungume ɗaya ne aka fafe: ba ƙusa, ba ɗinki, ba inda katako ya sadu da katako. Masassaƙin da ya yi shi ya huta da rabin ciwon kan masu jirgi, amma iyakar jirginsa ita ce iyakar bishiyarsa. Ranar da ɗan Adam ya so jirgin da ya fi kowace bishiya girma, dole ta sa ya haɗa katako biyu, kuma tun daga ranar ruwa ya samu inda zai riƙa leƙe.

Bahaushe ba mutumin teku ba ne, amma ya san ruwa da halinsa na neman hanya, har ya ware wa kowane mataki suna. Akwai tsatsafo, inda ido ba ya ganin rami, danshi kawai hannu ke ji. Akwai ɗiga, wadda ake iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Akwai yoyo, wanda ya riga ya zama matsala, sai tsiyaya, sai kwarara, inda magana ta ƙare. Duk waɗannan sunayen shigar ruwa ne. Idan muka zo yabon abin da ya tsare ruwa, sai mu koma ga korewa, mu ce ba ya yoyo. Ina ganin harshen ya yi gaskiya a nan fiye da yadda muke lura. "Ba ya yoyo" shaida ce a kan yanzu, a kan abin da mai magana ya duba ya gani. "Ba zai yi yoyo ba" alkawari ne, kuma babu masassaƙi ko injiniyan kirki da zai ɗauke shi. Sana'ar kula da jirgi gaba ɗayanta tana zaune ne a tsakanin waɗannan jimloli biyu.

A zamanin jiragen katako na Turai, da tsohuwar igiya mai kwalta ake toshe haɗi. Ana warware ta zare-zare har ta yi laushi, aikin da a Ingila ake ɗora wa fursunoni da matalautan gidajen gajiyayyu, saboda yana cinye yatsu. Mai toshiya zai murza zaren, ya ɗora shi a bakin haɗin, ya kafa wani ƙarfe mai faɗin baki marar kaifi, ya riƙa bugunsa da gudumar katako yana gaba taku-taku. Kunnensa ne ma'auninsa: ƙarar guduma tana sauyawa idan zaren ya zauna daram. In ya yi sakaci ruwa ya bi, in ya cika ƙarfi ya raba katakon da yake son haɗawa. Bayan ya gama sai a bi da narkakkiyar kwalta a shafe. Duk da wannan wahala, ranar da aka tura jirgin cikin ruwa sai ya yi yoyo, kuma ba wanda hankalinsa zai tashi. Ana jira ne katako ya sha ruwa ya kumbura, ya matse zaren da kansa. Masu fito a bakin Kwara ba sa bukatar a gaya musu wannan: kwalekwalen da aka bari a tudu rana tana dukansa shi ne zai buɗe baki, shi ya sa ake barinsa cikin ruwa ko a zuba masa a ciki. Sai jirgi ya sha ruwa kafin ya iya hana ruwa shiga. In shan ya wuce ƙima sai maganar ta juya, mai sha ya koma abin ci, a ce ruwa ya ci shi.

Zuwan inji bai kashe wannan ƙa'ida ba, sai ma ya ƙara mata wani salo. Sandar ƙarfen da ke juya farfela dole ta huda gindin jirgi ta fita waje, kuma dole ta riƙa juyawa a cikin ramin da ta huda. A ƙananan jirage ana naɗa mata igiya mai maiƙo a cikin wani ɗan akwati, a ɗaure da noti. Sabon shiga idan ya ga ɗigo yana fitowa daga wurin sai ya ɗauko sifana ya tamke har ɗigon ya tsaya, ya koma yana jin ya yi gyara. Tsohon hannu zai sassauta shi. Wannan ɗigon, 'yan ƙwayoyi a minti ɗaya idan inji na aiki, shi ke sanyaya igiyar. In babu shi za ta yi zafi ta ƙone, ta zaizaye sandar, sannan a ga yoyo na gaske. Don haka makanikin jirgi yakan ɗora tafin hannu a kan akwatin ya ji ɗuminsa, ya tsaya ya ƙirga ɗigo. A wurinsa bushewa ƙarƙaf alamar ciwo ce.

Manyan jiragen ƙarfe kuma abokin gabarsu tsatsa ce, wadda ba ta barci. Tun 1824 wani masani mai suna Humphry Davy ya gano cewa in aka liƙa wani ƙarfe mai saurin lalacewa a jikin jan ƙarfen da ake lulluɓe gindin jirgi da shi, ruwan gishiri zai bar babban ya ci ƙaramin. Har yau ana liƙa dunƙulen tutiya a gindin jirage don su narke a madadin jikin jirgin. Da ni aka ba raɗin suna, ƙarfen fansa zan ce. Dokar ƙasa da ƙasa ta ce a duba gindin jirgin kaya sau 2 cikin kowace shekara 5, kada tazarar ta wuce wata 36. Ana auna kaurin ƙarfe da na'ura a ga nawa ya rage. Murfin rumbun kaya kuwa akwai tsohuwar dabarar gwada shi da alli: a goga alli a bakin ƙarfen, a rufe, a buɗe, a bi robar da ido, duk inda layin alli ya yanke, nan ruwa zai bi. Sannan a sa wani a ciki, wani ya feshe murfin da tiyo daga waje. Kowace rana kuma ana zura ma'auni ta bututu zuwa can ƙasan jirgi, inda ruwa ke taruwa, a rubuta abin da aka samu a littafi. Lambar yau ita kaɗai ba ta cewa komai. Sai an ɗora ta kusa da ta jiya take magana. Duk wanda ya taɓa zama a gidan soro ya san wannan rayuwa: rufi ba a gama shi, sai dai a sake yaɓe shi kafin kowace damina.

A jirgin fito na katako wannan lissafi duka yana hannun yaro ɗaya da yankakkiyar jarka. Yana tsugune inda ruwa ke taruwa, yana kwarfa yana watsarwa, fasinjoji ba sa ko kallonsa sai in ya fantsama musu. Amma shi ne famfon jirgin kuma shi ne littafinsa. Muddin hannunsa ya fi yoyon sauri, jirgi lafiya lau yake. Mai hankali in ya shiga irin wannan jirgi, yaron zai riƙa kallo, ya lura ko saurin hannunsa ya ƙaru.

Mutanen Fujiyan da ke kudancin Sin sun miƙa wuya ga gaskiyar cewa babu jirgin da ba ya yoyo tun da wuri, suka gina jiragensu a kanta. A 1974 aka tono wani jirgin fatauci na ƙarni na 13 a gaɓar Quanzhou, tashar da Larabawa ke kira Zaitun. An raba cikinsa ɗaki 13 da bangwayen katako 12, an liƙe haɗe-haɗen da cakuɗen farar ƙasa da man wata bishiya da zare. Hikimar a fili take: ruwa zai shiga, to a yanka masa iyaka, in ya ci ɗaki ɗaya ya bar sauran. Abin da ya fi burge ni shi ne a gindin yawancin bangwayen an bar ɗan rami da gangan, don ruwan tsatsafo ya gangara wuri ɗaya a kwashe. Bangon da aka yi don tsare ruwa an huda shi, amma masu jirgin sun san inda ramin yake. A 2010 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun da ke bukatar ceto na gaggawa, domin masu iyawa sun kusa ƙarewa. Duk lokacin da na tuna ramin nan sai ƙissar Suratul Kahfi ta faɗo mini, inda bawan Allah nan da malamai ke kira Halliru ya huda jirgin talakawa a gaban Annabi Musa, alaihis salam, domin a gaba akwai sarki mai ƙwace duk jirgin da ba shi da aibi. Malaman tafsiri sun fitar da darussa masu zurfi daga ciki. Ni abin da na ɗauka ƙarami ne: aibin da mai jirgi ya san wurinsa ana toshe shi a ci gaba da neman abinci.

Titanic ma ɗakuna gare shi, 16, kuma an tsara shi ya ci gaba da yawo ko da huɗun farko sun cika. Wata mujallar masu ƙera jirage ta rubuta a 1911 cewa kusan ba zai iya nutsewa ba. Injiniyoyi ne, sun san abin da ya sa suka ce "kusan". Amma ƙaramar kalma ba ta jure tafiya daga baki zuwa baki, sai ta faɗi a hanya, aka bar jama'a da sauran jimlar. A daren 14 ga Afrilu 1912 dutsen ƙanƙara ya buɗe ɗakuna fiye da huɗun nan. Wani injiniyan kamfanin da ya ƙera shi, Edward Wilding, ya ƙiyasta a gaban masu bincike cewa duk ɓarakar in aka haɗa ta ba ta wuce murabba'in ƙafa 12 ba. Bangwayen ba su kai har sama ba, don haka da goshin jirgin ya sunkuya sai ruwa ya riƙa tsallakawa daga ɗaki zuwa na bayansa. Cikin awa 2 da minti 40 ya tafi da mutum sama da 1,500. Wannan labari an sha shi, ba zan daɗe a kansa ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Herald of Free Enterprise, domin babu dutse, babu guguwa, babu ko rami. Jirgin fiton motoci ne tsakanin Zeebrugge a Beljiyam da Dover a Ingila, irin wanda goshinsa ke buɗewa motoci su shiga. Da maraicen 6 ga Maris 1987 ya bar tasha ƙofofin goshin suna hangame. Wanda aikinsa ne ya rufe su yana ɗakinsa yana barci, bai ji kira ba. Shugabansa ya bar wurin ƙofofin suna buɗe, ya ce wa masu bincike rufe su bai taɓa zama aikinsa ba. Babban jami'in da ya kamata ya tabbatar ya hau sama yana zaton mai rufewa na tafe. Kyaftin daga inda yake ba ya ganin ƙofofin. Tun kafin nan wasu kyaftin-kyaftin na kamfanin sun roƙi a sa musu 'yar fitila mai nuna ko ƙofa a rufe take, manyan ofis suka mai da abin wasa. An kuma cika tankunan gaba da ruwa don goshin ya sauko daidai da gadar lodi, kuma ba a gama zubar da shi ba. Da jirgin ya ɗauki gudu sai ruwa ya hau dandalin motoci, fili fetal wanda babu bango ko ɗaya a cikinsa. Ruwan da ke kwance a fili irin wannan, da jirgi ya ɗan karkata sai dukkansa ya ruga gefe ɗaya, ya ƙara karkatar da shi. Cikin kamar daƙiƙa 90 jirgin ya kwanta, a ruwa marar zurfi, ana hango tasha. Mutum 193 suka rasu.

Mai shari'a Sheen da ya jagoranci binciken ya ce sakaci ya kama kamfanin tun daga sama har ƙasa. A cikin abin da ya bankaɗo akwai wata ƙa'ida ta kamfanin: in lokacin tashi ya yi, kyaftin bai ji wani ya kawo rahoton matsala ba, to ya ɗauka komai ya kammala. Wato an ba shiru ma'ana guda, an ce yana nufin lafiya. Mu da muke cewa shiru ma magana ce mun san ba magana ɗaya yake yi ba. Akwai shirun wanda ya gama aiki, akwai na wanda ya manta, akwai na mai barci, kuma daga ɗakin tuƙi duk ƙararsu ɗaya. Bayan wannan hatsari aka wajabta fitilun da aka yi wa dariya, aka kuma juya ƙa'idar: sai wani ya buɗe baki ya ce na rufe.

To wa ke da ikon cewa jirgi lafiyayye ne? Tambayar ta kuɗi ce tun asali. Masu inshora a Landan ne suka kafa rajistar Lloyd's a 1760 don su san abin da suke ɗaukar lamuni a kai, suna ba jikin jirgi harafi, daga baya kayan aikinsa lamba, har A1 ta zama take. Sai dai inshora takobi ce mai kaifi biyu. A ƙarni na 19 wasu masu jirage a Ingila sukan sayi ruɓaɓɓen jirgi, su yi masa inshora mai tsoka, su danƙara masa kaya. In ya isa riba, in ya nutse riba. Ana kiran irinsu akwatin gawa, kuma ma'aikacin da ya sa hannu sannan ya ƙi shiga ana iya ɗaure shi. Samuel Plimsoll, ɗan majalisa mai wakiltar Derby, ya yi ta fafutuka har a 1875 ya fusata a zauren majalisa ya kira wasu mugaye. Dokar 1876 ta tilasta a zana layi a jikin jirgi wanda ruwa ba zai haura ba. Amma mai jirgi aka bar wa zaɓin inda zai zana shi, kuma sai a 1890 hukuma ta karɓe wannan iko. A 1906, lokacin da Lloyd George ke riƙe da ma'aikatar ciniki, aka sake lissafi aka ɗaga layin don jirage su ƙara kaya. Teku ba ta sauya ba a wannan shekara, ma'anar "ya isa" ce aka matsar.

Wanda ya duba layin a jikin jirgi yau zai ga ba guda ɗaya ba ne. Kusa da da'irar akwai 'yan layuka hawa-hawa: na ruwan daɗi, na tekun ƙasashe masu zafi, na bazara, na hunturu, da na hunturun arewacin Atlantika can ƙasa. Jirgi ɗaya, kaya ɗaya, yana iya zama daidai a Legas ya zama ganganci a hanyar Kanada cikin Janairu. Dokar inshorar teku ta Ingila ta 1906 ma haka ta auna abin: jirgi ya cancanci teku ne in zai iya fuskantar haɗurran da aka saba gani a tafiyar da aka yi wa inshora. Kotuna sun ƙara faɗaɗa shi. A Mayu 2011 jirgin kwantena CMA CGM Libra ya daki ƙasa yana fita daga Xiamen, a Fujiyan ɗin nan dai. Jikinsa garau, injinsa garau. Amma a Nuwamba 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa bai cancanci teku ba tun kafin ya tashi, domin tsarin tafiyar da aka rubuta bai ɗauki gargaɗin cewa zurfin da taswira ta nuna a wajen hanya ba abin dogaro ba ne. Yoyon a takarda yake.

A yankinmu kalma ɗaya muke rufe duk wannan da ita: kifewa. Le Joola na gwamnatin Senegal ya kife a gaɓar Gambiya ranar 26 ga Satumba 2002, a hanyarsa daga Ziguinchor zuwa Dakar. An gina shi don mutum kimanin 580. Alƙaluman hukuma sun ce 1,863 suka rasu, 64 suka tsira. Ya fi Titanic ɗaukar rai, amma kaɗan ne suka san sunansa. A Mayu 2021 wani tsohon jirgin katako mai ɗauke da mutum sama da 150 ya tarwatse a kogin Kwara kusa da Warra, cikin Ngaski ta Jihar Kebbi, kaɗan aka ciro da rai. Ranar 30 ga Nuwamba na shekarar, a ruwan Bagwai ta Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan Islamiyya da ke hanyar Maulidi. A rediyo duk "ya kife" aka ce. Amma jirgin da katakonsa ya ruɓe ya rabe, da wanda ya daki kututture cikin duhu, da wanda lodi ya danne har ƙaramar igiyar ruwa ta haye bakinsa, ba ciwo ɗaya ya kashe su ba, kuma ba magani ɗaya suke so ba. Kalmar tana ba da labarin minti na ƙarshe ta haɗiye watannin da suka gabace shi. Tana kuma da sauƙin faɗa, domin jirgi ne ke kifewa, ba a cewa wane ya kifar.

Bayan kowane hatsari akan raba rigunan kariya, kuma abu ne mai kyau, sun ceci rayuka. Sai dai riga amsa ce ga tambayar da ake yi bayan jirgi ya riga ya tafi. Tambayoyin da ke gabanta ba su da tsada: yaushe aka ja jirgin nan tudu aka soka wuƙa a katakon gindinsa a ji ko ya yi taushi, jarka nawa ake kwarfewa a fito ɗaya bana in aka gwada da bara, ina layin da ruwa ba zai haura ba. Layin kansa gwangwanin fenti ɗaya ya ishe shi. Wahalar tana kan mutumin da zai tsaya a bakin ruwa ranar kasuwa, rana ta yi sanyi, ya ce wa waɗanda suka sayar da kayansu suna son komawa gida su jira jirgi na gaba, alhali shi da su duk sun san babu wani sai gobe.